Na shiga jirgin yaƙin Nelson a Portsmouth, na fito da ƙulu a goshi

Ranar Asabar ɗin hutun makaranta na ɗauki ɗana muka hau jirgin ƙasa daga tashar Waterloo ta Landan zuwa Portsmouth Harbour, tafiyar da ba ta cika awa 2 ba. Daga tasha zuwa ƙofar tsohuwar ma'aikatar jiragen ruwan 'yar tafiya ce da ƙafa. Na sayi tikiti ta intanet tun a gida, ba mu daɗe a layi ba. Jirage da gidajen tarihi suna da yawa a wurin, amma ni HMS Victory ne ya kai ni, jirgin ruwan da Nelson, kwamandan sojan ruwan Ingila, ya jagoranci yaƙin Tarafalga daga cikinsa.

Wanda ya je da hoton jirgin a ransa, da dogayen turaku da filafilai, ya rage buri. Gyara ake yi masa na shekaru, an sauke saman turakun, an kewaye wani sashe da ƙarafuna da rumfa. Ba abin zargi ba ne: jirgin da aka saka a ruwa a Chatham a 1765, aka zaunar da shi a busasshiyar kwata tun 1922, katakonsa ya isa neman magani. Yaron dai ya tura baki, wai ba irin na hoto ba ne.

Daɗin yana ciki. Aka ba mu na'urar sauraro, muka bi matakala. Tun a hawa na biyu na manta da gargaɗin a sunkuya, katakon rufi ya gaishe ni a goshi har sai da na ga taurari. Hawan da ya fi riƙe ni shi ne na manyan igwogi, waɗanda kowace ke jefa ƙarfe mai nauyin laba 32. A nan talakawan jirgi suke ci, suke kwana, suke yaƙi. Teburin cin abinci tsakanin igwa da igwa yake. Da dare a rataye gadajen tamfol kamar ragaya, kowa da faɗin inci 14. Na gwada da hannu, kafaɗuna sun fi haka. Abin da ke sassauta musu shi ne rabi na aiki yayin da rabi ke barci. Mutum sama da 800 ne a cikin wannan katako ranar yaƙin Tarafalga. Na tsaya ina ƙiyasta warin wurin idan an rufe tagogin igwa saboda igiyar ruwa: zufa, jiƙaƙƙun kaya, kwalta, fitilar kitse.

"Abba, to a ina suke zagayawa?" Tambayar da ni ma nake so in yi ke nan, kunya ta hana. Can a goshin jirgi ne, kujeru 6 masu rami, ƙarƙashinsu teku.

Abincinsu ma na nan an kwaikwaya: biskit mai tauri kamar dutse, wanda sai an ƙwanƙwasa shi a tebur ƙwari su faɗo, naman sa da na alade da aka jibge a gishiri cikin ganga, busasshen wake, da giya, don ruwan ganga ba ya daɗewa yake lalacewa. Cuta ta fi harsashi cin ransu. Ciwon da ke kumbura dasashi ya zubar da haƙora sai da aka fara raba ruwan lemun tsami a 1795 ya lafa. Wasu da son ransu suka shiga aikin, wasu kuwa kama su aka yi da ƙarfi a garuruwan bakin teku. Mai laifi bulala mai harshe 9 ce rabonsa, a gaban kowa. Sai ka hau sama ka ga ɗakin Nelson da dogon tebur da tagogin gilashi, ka san ko a teku sarauta sarauta ce.

Labarin yaƙin da kansa na'urar ta ba da shi daidai gwargwado. Ran 21 ga Oktoba 1805, jiragen Ingila 27 suka fuskanci 33 na Faransa da Sifen kusa da gaɓar Sifen. Maimakon jerawa gefe da gefe yadda aka saba, Nelson ya raba rundunarsa layi biyu ya tsaga ta abokan gaba. Akwai 'yar farantin tagulla a daɓen sama, inda ya faɗi bayan an harbe shi daga saman turken jirgin Faransa mai suna Redoutable. Mutane na ta ɗaukar hoto a wurin. Ni abin da ya taɓa ni yana can ƙasa, ƙarƙashin layin ruwa, inda likita William Beatty ya yi aiki da zarto da hasken fitila, babu allurar kashe zafi. Nan Nelson ya cika da la'asar, aka sa gawarsa a gangar burandi don ta isa Ingila. Mutum 57 ne suka mutu a jirgin ran nan, 102 suka jikkata, kuma Nelson kaɗai kowa ke tambayar inda ya kwanta.

Kuɗin tikiti ba kaɗan ba ne ga mai iyali, amma ban yi da-na-sani ba. Awa 2 muka yi a jirgin kaɗai. Matakalun tsaye suke, ga ƙarancin haske, don haka da tsohuwata ce ke tare da mu da ba ta wuce hawa ɗaya ba. A sa takalmi mara santsi, a tafi da rigar sanyi ko da rani ne, iskar bakin teku ba ta da mutunci. Mu guzurinmu muka ɗauka daga gida, muka ci a benci muna kallon jiragen yaƙin zamani daga nesa. A hanyar dawowa yaron ya auna inci 14 a kujerar jirgin ƙasa, ya ce shi zai iya, ni ne dai ba zan shiga ba.