Sharhi kan vim.system na Neovim

Aikin da na fi sa Neovim, editan rubutu da ya samo asali daga Vim, ya yi mini shi ne ya kira wata manhaja daga waje, kamar git (mai adana tarihin fayiloli) ko jq (mai sarrafa bayanai na tsarin JSON), ya karɓo abin da ta fitar ya zuba mini a fayil. Na daɗe ina yin haka da system() na Vimscript, yaren shirye-shirye na Vim, kuma abu biyu ne suke ci mini tuwo a ƙwarya game da shi. Muddin umarnin bai gama ba, editan sandarewa yake yi. Idan git fetch ka kira a kan intanet mai rarrafe, ko harafi ɗaya ba za ka buga ba sai ya dawo. Sannan a Vim saƙon kuskure da sakamakon gaske a cakuɗe suke zuwa, sai ka leƙa v:shell_error, inda ake ajiye lambar da umarnin ya ƙare da ita, kafin ka san ko an dace.

vim.system, wanda ya zo da Neovim 0.10 a watan Mayun 2024, ya warware mini duka biyun. Da yaren shirye-shirye na Lua ake kiransa, kuma yana iya gudanar da umarnin a bayan fage ba tare da editan ya sandare ba. Abin da yake maido maka a rarrabe yake: code (lambar da ke nuna ko an dace) daban, stdout (sakamakon) daban, stderr (saƙon kuskure) daban. Ranar da jq ya ƙi wani fayil na JSON saboda waƙafi ɗaya da ya yi yawa a ƙarshe, ƙorafin ya tafi stderr, na nuna shi a layin ƙasa, rubutuna kuma ba abin da ya taɓa shi.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba ya bi ta shel, wato manhajar da ke fassara layin umarni. Jeri kake ba shi, sunan manhaja sannan kowace kalma a gurbinta, don haka fayil mai sarari a sunansa ya daina zama tashin hankali, na kuma huta da shellescape(), wanda ake kare irin waɗannan sunaye da shi. Sai dai fa idan kana son haɗa umarni biyu da alamar |, dole ka kira sh -c da kanka.

Yana da wuraren tuntuɓe. Idan ka ba shi aikin da zai yi bayan manhajar ta gama, ba ka da damar taɓa fayil kai tsaye daga can ciki: kuskuren E5560 zai fito, sai ka naɗe aikin cikin vim.schedule, wanda ke jinkirta shi zuwa lokacin da editan ya shirya. Sabon shiga zai sha wuya a nan, kuma a ganina ya kamata a ce an sauƙaƙa wannan. Idan kuma manhajar da ka kira babu ita a kwamfutar, ba lambar kuskure zai maido ba, skirif ɗin ne zai tsaya cak, sai in ka kare shi da pcall, mai cafke kuskure a Lua.

Akwai timeout, wato wa'adin lokaci, wanda ke kashe umarnin da ya maƙale ya maido code 124. Duk abin da zai fita intanet yanzu ina sa masa shi. Mai Vim zalla kuwa ba zai samu vim.system ba, nasa job_start() ne da ya zo da Vim 8.0 a 2016, wanda saitinsa ya fi wannan tsawo.