Mayar da Hilux mai dabal ko sayen wadda ta fito da shi daga kamfani: wanne ya fi?

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ɗan'uwanmu mazaunin Jidda ya yi tambaya a kan motarsa Hilux marar dabal (dabal shi ne tsarin da ke sa mota ta ja da tayoyinta huɗu), wadda yake kai ciyawar barsim da sha'ir da tankin ruwa da ita garken tumakin da yake kula da su a wajen Usfan. Ya ce kwalta takan ƙare masa saura 'yar tafiya, daga nan sai rairayi, kuma motar ta sha kafewa, shi ya sa yake tunanin kai ta sana'iyya, wato unguwar bakanikai, a mayar da ita mai ja da taya huɗu, ko kuwa ya sayar ya cika kuɗi ya sayi mai dabal na asali. Malam, Allah ya sa albarka a nema. Ra'ayina shi ne sayarwa da sayen ta asali ya fi a mafi yawan lokuta, amma zan jera maka hanyoyin biyu kusa da juna domin ka auna da kanka.

Kafin a yi maganar riyal ko ɗaya, ka tsuguna gaban tayar motarka ka ƙirga notocin da suka riƙe ta. A samfuran Hilux da aka yi daga 2005 zuwa yau, marar dabal iri biyu ce: akwai gajera mai noti biyar, akwai kuma mai tsayi mai noti shida wadda ke kama da mai dabal a ido. Mai noti shida ta yi tarayya da mai dabal a yawancin ginin ƙasanta, don haka aikin yana yiwuwa a kanta ba tare da ɓarna mai yawa ba. Mai noti biyar kuwa gabanta daban aka gina shi, ba a tanadi mazaunin difrans na gaba (difrans shi ne akwatin haƙoran da ke raba juyi tsakanin tayoyi biyu) a shasinta ba, kuma duk bakaniken da ya ce zai yi maka aikin, to yanka da walda yake nufi ko da bai faɗa ba. Wannan bambanci tsoho ne, domin Toyota ta fara Hilux a 1968 amma ba ta fitar da mai dabal ba sai 1979, kuma ko a lokacin sai da ta sake ginin gaban motar gaba ɗaya.

Mu fara da hanyar juyawa, domin a nan ne mutane suka fi raina yawan aikin. A motarka ƙarfin inji yana shiga giya, ya bi ta farfela guda, wato doguwar sandar da ke juyawa a ƙarƙashin mota, ya isa difrans na baya, shi ke nan. A mai dabal akwai akwatin raba ƙarfi da ke ɗaure a bayan giya, wanda ke tura rabi gaba rabi baya, kuma a cikinsa ne giyar ƙarfi take, wadda ke rage gudu ta ninka ƙarfin ja fiye da sau biyu. Wannan akwati ba ya ɗauruwa a kan giyarka, saboda wutsiyarta da sandar da ke fita daga cikinta daban suke, don haka ko dai a sauya giyar ɗungurungum ko a farke ta a canja mata ciki. Bayan haka ana bukatar difrans na gaba da mazauninsa, da ukus biyu, wato sandunan ƙarfe masu kai juyi ga tayoyin gaba, da cibiyoyin taya masu haƙoran da ukus ɗin za su shiga, da farfelar gaba, da farfelar baya wadda ta fi taka gajarta, da ƙarfen da ke tallafe giya. A wasu injunan har kaskon man inji sai an sauya, domin difrans ɗin yana zama daidai inda cikin kaskon ya sauko. Idan motar tsohuwa ce wadda ake sa dabal ɗinta da sandar hannu, sai a huda ƙasan gidan direba a fito da sandar. Idan kuwa tana cikin samfuran da aka fara fitarwa daga 2015, waɗanda da yawansu maɓalli ake murzawa, to an shiga batun wayoyi da kwamfutar dabal da na'urorin birkin ABS, kuma waya guda da ba ta zauna daidai ba ta isa ta bar maka fitilar gargaɗi a kunne ko ta hana dabal ɗin shiga a ranar da kake tsakiyar rairayi.

Abin da ya fi ba ni tsoro a wannan aiki shi ne lissafin haƙoran difrans, domin ba a ganinsa da ido daga waje. Kowane difrans yana da adadin juyin da farfela za ta yi kafin taya ta zagaya sau ɗaya, misali 4.10 ko 4.56, kuma wajibi ne na gaba da na baya su zama ɗaya. Idan aka ɗauko na gaba mai 4.56 daga tashlihi, wato inda ake farke matattun motoci a sayar da kayansu, aka haɗa da na bayanka mai 4.10, tayoyin baya za su riƙa neman wuce na gaba da kusan kashi 11 cikin 100, kamar shanun huɗa biyu a karkiya guda alhali ɗaya ya fi ɗaya sauri. A rairayi mai laushi tayoyin za su riƙa sulɓewa su ɓoye matsalar, amma da zarar ka hau ƙasa mai tauri za ka ji sitiyari ya yi nauyi, taya tana kuka, sandar dabal ta ƙi fita, kuma ƙarshen abin shi ne karyewar ukus ko haƙoran akwatin. Wanda ya tara kayansa ɗaya daga tashlihin Briman, ɗaya daga Al-Ha'ir na Riyad, ɗaya daga wata mota da ba a san shekararta ba, shi ya fi faɗawa wannan rami.

A ɗaya ɓangaren, mai dabal na asali ta zo da duk waɗannan abubuwa a haɗe, an auna su tare, kuma duk ranar da wani abu ya lalace lambar shasi kawai za ka ba mai sayar da kaya ya miƙo maka wanda ya dace. Motar da aka juya kuwa lambar shasinta tana cewa marar dabal ce har abada, saboda haka kowane gyara sai ka tuna daga wace mota aka ciro abin. Nauyin hanyar saye shi ne kuɗi a dunƙule, da kuma rabuwa da motar da ka san lafiyar injinta ka karɓi wadda ba ka san tarihinta ba. Wannan damuwa ce ta gaskiya, domin mai dabal ta hannu sau da yawa ta sha wahalar tuddan rairayi ko kaya fiye da kima. Sai dai aibinta abu ne da ake iya bincikawa kafin a biya: a ɗaga ta a duba shasi ko an taɓa masa walda, a duba robobin ukus ko sun yage, a duba yoyon mai a akwatin dabal, sannan a fita da ita kan turɓaya a sa dabal mai gudu da mai ƙarfi a ji shigarsu da fitarsu.

Game da kuɗi, kwatancen da ya dace shi ne tsakanin jimillar kuɗin juyawa da cikon da za ka yi idan ka sayar ka saya. Ka duba Haraj, shafin saye da sayarwa na intanet, ka ga farashin irin motarka da na mai dabal ta shekara ɗaya da tafiya kusan ɗaya, ka rubuta bambancin. Sannan ka sa warsha, wato garejin gyara, ta rubuta maka kuɗin kaya da na aiki, ka ƙara kuɗin hayar motar da za ta kai wa tumaki ruwa a kwanakin da taka take kwance, domin dabba ba ta jiran bakanike. Bambancin farashin saye yana dawo maka ranar da ka tashi sayarwa, tunda mai dabal tana riƙe darajarta a kasuwar nan. Kuɗin juyawa kuwa ba ya dawowa, hasali ma mai saye yana jin an taɓa shasi zai ja baya ko ya karya farashi.

Sai batun hukuma, wanda bai kamata baƙo ko ɗan ƙasa ya yi wasa da shi ba. A dokar hanya ta Saudiyya, sauya ginin mota ko manyan kayanta ba tare da bin matakan da aka shimfiɗa ba laifi ne, kuma motar za ta bi ta fahas dauri, wato binciken lafiyar mota na lokaci-lokaci, kafin a sabunta istimara, takardar rajistarta. Idan hatsari ya faru, Allah ya kiyaye, kamfanin inshora yana iya kafa hujja da cewa motar ba yadda aka yi mata rajista take ba. Duk wanda ya ƙudura juyawa, ya fara zuwa murur, wato ofishin 'yan sandan hanya, ya ji sharuɗɗan kafin a kwance noti guda. Mai dabal na asali ba ta da ɗawainiyar neman izinin sauyi, canjin suna za a yi.

Akwai inda hanyoyin biyu suka yi daidai: kowacce za ta ƙara maka shan mai saboda nauyi, za ta ƙara wuraren da ake zuba mai da girisi, tana bukatar tayoyi huɗu masu girma ɗaya, kuma ba a tafiya da dabal a kunne a kan busasshiyar kwalta.

Juyawa tana da ma'ana a wurina ne kawai idan abubuwa uku sun haɗu: motarka mai noti shida ce, ka sami mota guda sukutum mai dabal wadda ta yi hatsari daga baya ko ta kife, shekararta da injinta ɗaya da naka, domin a kwashe komai daga jiki ɗaya har da wayoyi, kuma bakaniken ya taɓa yin irin aikin har kana iya ganin motar da ya yi tana yawo. Idan ɗaya ya faɗi a cikin ukun, ka sayar ka saya.

Amma tunda rairayin naka ɗan gajere ne, ina ba ka shawarar ka gwada abu mai sauƙi kafin ka taɓa ko wanne. A-kori-kura takan kafe ne galibi saboda tayoyi sun cika iska kuma baya ba nauyi, sai taya ɗaya ta riƙa juyawa tana tona rami ɗayar tana tsaye. Idan ka isa ƙarshen kwalta ka rage iska zuwa tsakanin 15 da 18 a ma'aunin PSI na iskar taya, ka ɗora kaya daidai kan tayoyin baya, ka shiga da giya ta biyu ba tare da tsayawa ko murɗa sitiyari da ƙarfi ba, sannan ka mayar da iskar da ƙaramin famfo mai aiki da batir kafin ka koma kwalta, domin gudu da taya marar iska a zafin nan yana fasa ta. Idan hakan bai wadatar ba, ana iya sa wa difrans na baya makulli mai tilasta tayoyin biyu su juya tare, kuma kuɗinsa bai kama ƙafar na juyawa ba. Ka turo mana shekarar motar da hoton tayar gaba da na ƙasan injin, da haka za a iya gaya maka takamaimai ko shasinka yana karɓar aikin.