Allon zayyanar saukar ɗiyata: abin da na gani bayan na karɓo

Ranar da malamin makarantar allon unguwarmu ya aiko cewa ɗiyata ta kama Baƙara, na san sauka ta ƙarato, kuma tun a daren na ƙudurta cewa allonta da hannu za a zana shi. Mahaifiyarta ta fi son irin na yanzu, wanda ake bugawa da kwamfuta a liƙa, har da hoton yarinya a gefe. Ban ga laifinta ba, ya fi araha kuma kwana ɗaya an gama. Amma ni tela ne, shekara 19 ina kan keke a Katsina, idona ya saba da bambance aikin hannu da na inji. Hular da aka ɗinka da allura da wadda inji ya zuba, ko daga tsallaken titi ina gane su.

Wani alaramma aka kwatanta mani a cikin gari, bayan hasumiyar Gobarau. Na iske shi a zaure kan buzu, kwalaben tawada jere a gabanshi, ga alƙaluman gamba ya feƙe su girma daban daban. Na gaishe shi, na faɗi abin da ya kawo ni.

"Allah gafarta Malam, so nake a yi mata irin na da, kada a cika ƙyale-ƙyale."

Ya ce, "Malam, irin na da ai lokaci yake ci. Ka ba ni kwana 10."

Muka yi ciniki a kan naira 15,000 har da allon, na ba da rabi.

Maganar gaskiya, alkawarin bai cika ba. Sau uku ina rufe shago bayan la'asar in tafi, sai a ce ya je ɗaurin aure ko ta'aziyya. Sai da aka yi kwana 23, saura kwana biyu walima, sannan allon ya zo hannuna. Wannan ya ɓata mani rai ƙwarai, don na riga na gayyaci mutane har daga Daura da Mashi. Duk mai son irin wannan aiki ya ba da shi wata guda kafin rana.

To amma da ya warware zanen da ya naɗe allon, sai na yi shiru.

Fatiha ce a fuska ɗaya, farkon Baƙara zuwa "muflihuna" a ɗaya fuskar, da rubutun nan namu mai kauri na Warshu, wanda muka tashi da shi: fa'un da ɗigonsa a ƙasa, ƙaf da ɗigo ɗaya a sama. Baƙaƙen da baƙar tawada, wasulla da ja, hamza da ɗigon rawaya kamar ƙwayar gero. Baƙin nan ba zuge ba ne na gawayi da ƙaro da yara ke wankewa kullum, mai kama jiki ne, har ɗan sheƙi yake idan ka karkata allon wajen haske. Na bi layukan da ido yadda nake bin ɗinkin wuyan riga. Babu layin da ya hau kan ɗan'uwansa, kuma ya raba kalmomin yadda aya ta ƙare daidai bakin zane, ba tare da ya matse ko ya ja harafi don cike gurbi ba. Wanda bai taɓa yin aikin awo ba ba zai san wuyar wannan ba.

Zayyanar kanta ita ta fi tsaya mani. Murabba'ai ne cikin murabba'ai, igiyoyi biyu, ja da kore, suna saƙa juna suna zagaye rubutun, ɗaya ta bi ta sama ɗaya ta ƙasa, har su koma inda suka faro. Na sa yatsa na bi jar igiyar tun daga kusurwa, ba ta yanke ko'ina ba. A kusurwar hagu ta ƙasa akwai inda hannunshi ya ɗan girgiza, layin ya yi kauri kaɗan. Wurin nan na fi so. Nan nake ganin mutum zaune, da alwalarsa, ya riƙe numfashi yana jan alƙalami. Irin abin da nake ji ke nan idan na tsaya gaban tsoffin gine-ginen ƙasa na garin nan, kamar tsohuwar kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, wadda yanzu gidan tarihi ce: bango ba ya miƙewa kamar an ja shi da zare, amma hannun magini na nan a jikinsa. Garin da ya fitar da Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani bai kamata a ce ya rasa masu jan alƙalami ba, ga shi kuwa alaramman ya ce mani almajiri ɗaya kaɗai ke koyo a wurinshi.

Akwai abu biyu da ban ji daɗinsu ba. A kan takarda aka yi zanen aka liƙa wa allon, kamar yadda aka saba yanzu, sai dai gam ɗin ya yi yawa a gefe ɗaya, takardar ta ɗan tattare. Sannan kan allon da na ce a naɗe da jar fata, da leda mai kama da fata aka naɗe shi. Na yi mashi magana, bai musa ba, ya rage mani 1,500. Washegari na kai wa wani baduku ya sa fata ta gaske.

Ranar walima yarinyar ta riƙe allon a cinya ta karanta, malaminta na biye da ita. Kakarta ta karɓa ta daɗe tana shafa gefensa, ta ce irin shi aka yi wa mahaifina. Yanzu yana rataye a ɗaki inda rana ba ta bugunsa, don kada jan ya koɗe. Ƙanenta yana izifi 12, na riga na gaya wa alaramman ya jira mu, wannan karon da wuri zan kai mashi.