Shagon kayan kariya na bakin Katako, da abin da mai shi ya ƙi sayar mini

Shekarata 14 ina rinin shadda a unguwar Bukoki da ke Yamai, amma sai bana na taka ƙafa cikin shagon da ake sayar da kayan kariyar ma'aikata. Abin da ya kai ni ba ciwon jikina ba ne. Cikin mata shida da ke aiki a marinata akwai ɗiyar aminiyata, wadda aka yi bikinta bara. Wata safiya cikin Afrilu tana juya shadda a tukunyar zafi, sai na ga ta saki sanda ta dafe bango. Na zaunar da ita a inuwa, na ba ta ruwa, na ce, "Ɗiyata, gaya mini gaskiya." Ta sunkuyar da kai ta ce, "Tanti, wata huɗu ne." Cikin fari, ga kunya. Wata huɗu cur tana tsaye kan tururin soda da hidro, sinadaran da muke zubawa a ruwan rini, tun hantsi har azahar, ina gefenta ban sani ba. A daren nan barci bai ɗauke ni ba.

Washegari na ɗaure jika 40 a bakin zane na nufi kasuwar Katako, da niyyar in sayo mata takunkumi mafi tsada da ke kasuwar, irin mai gwangwani biyu da masu fentin mota ke sawa. Wani mai walda ne ya kwatanta mini shagon. Yana cikin layin masu fenti da kayan gini, ƙarami ne, in ba ka lura da hulunan kwano masu ruwan ɗorawa da aka rataye a bakin ƙofa ba sai ka wuce shi. Mai shagon dattijo ne, ya ce ya yi shekaru yana aiki a ma'adinan Arlit kafin ya dawo Yamai ya buɗe wannan wuri.

Na gaya masa abin da nake so. Bai miƙa hannu kan kanta ba. Ya jawo mini kujera ya ce, "Hajiya, wa zai sa shi, kuma a kan wane aiki?" Ya tambaye ni abin da muke zubawa a tukunya, da itace muke hura wuta ko da gas, rumfar a buɗe take ko a rufe, awa nawa take yi a tsaye, wa ke ɗauko ruwa. Da na ce mai ciki ce, sai ya yi shiru kaɗan, sannan ya ce, "Zan sayar miki da shi don sauran matan. Amma ita wannan, kada ki sa mata takunkumi ki mayar da ita bakin tukunya. Ɗauke ta za ki yi daga wurin."

Raina ya ɗan ɓaci, don ita ce ta fi kowa iya haɗa launi, kuma oda ta yi mini yawa. Amma bayanin da ya yi mini na tafi da shi gida, daga baya ungozomar da ke yi mata awo ta maimaita kusan dukkansa.

Ya ɗauko takunkumi iri uku ya jera a gabana. Na farko shuɗin nan na asibiti da muka saba tun lokacin korona, wanda nake raba wa matan kullum ina ganin na sauke nauyi. Ya ce wannan don yawu da tari aka yi shi, ba ya tare warin sinadari ko kaɗan. Na biyu fari mai tauri, an rubuta FFP2 a jikinsa. Shi yana tare ƙura da gari, don haka yana da amfani lokacin da ake awon garin launi, amma iskar da ke tashi daga tukunya ratsa shi take. Na uku shi ne mai gwangwani. A nan ya nuna mini abin da ban taɓa lura da shi ba: kowane gwangwani yana da zane mai launi da harafi. Ruwan ƙasa mai harafin A na tururin fenti da tina ne. Kore mai K na amoniya. Ruwan ɗorawa mai E shi ne na iskar nan mai shaƙe maƙogwaro da hidro ke fitarwa idan ya haɗu da ruwan zafi. Da na sayi irin na masu fenti kamar yadda na yi niyya, da na zubar da kuɗina a banza, kuma da na ƙara wa matan ƙarfin gwiwar sunkuyawa kan tururi suna ganin sun tsira.

Sai ya zo kan hayaƙi. Mu da itace muke dafa ruwa, murhu uku a rumfa ɗaya. Ya ce a cikin hayaƙin itace da gawayi akwai wata iska marar wari marar launi da ke shiga jini ta tare wurin iskar numfashi, kuma babu ɗaya cikin gwangwanayen da ke kantarsa da ke tare ta. Ungozoma ta ƙara mini da cewa jinin ɗan tayi ya fi na uwarsa riƙe wannan iska, kuma matan da ke yini cikin hayaƙi sun fi haihuwar jariri marar nauyi. Ga zafi. Duk wanda ya san Afrilu da Mayu a Yamai ya san ma'auni na wuce 40 a inuwa, balle a gaban wuta. Mai ciki jikinta ya riga ya yi zafi, zuciyarta na aikin mutum biyu, in ruwa ya ƙare mata a jiki naƙuda na iya tasowa kafin lokaci. A ɗora mata takunkumin roba da sai an ja numfashi da ƙarfi a cikinsa, wahala ce kan wahala. Ban manta da jarkokin ruwa ba, kowace lita 25, da take ɗagawa ta juye a tukunya sau da yawa a yini.

Abin da na saya ke nan a ƙarshe: takunkumi mai gwangwani guda biyu, jika 14 kowanne, don mata biyun da ke tsayawa bakin tukunya, safar hannu ta roba mai kauri da ke kaiwa gwiwar hannu, ƙafa huɗu, jika 3 kowace, tabarau mai rufe gefen ido guda uku, da kwalin FFP2 ɗaya. Kuɗina bai kai ba, ya ce in tafi da kayan in aiko da ciko. Na aika ran Juma'a.

Yanzu wata biyar muna aiki da su, zan iya faɗin yadda suke. Tabarau ya fi komai amfani, kuma shi ne mafi araha. Soda in ta fantsama a ido ba ta jira, kuma tun da muka fara sawa sau biyu na ga ɗigo a jikin gilashin da ya kamata a ce a ido ya sauka. Aibinsa yana yin gumi daga ciki, sai an riƙa cirewa ana gogewa nesa da tukunya. Safar hannun ta raba mu da tsagewar yatsu da ƙaiƙayin da muka ɗauka kamar gadon sana'a ne, sai dai ƙafa biyu sun tsage a tsakanin yatsu kafin wata uku, kuma idan ta tsage ta fi rashinta muni, don ruwan soda na shiga ya kwanta a kan fata. Kullum da safe yanzu muna hura su mu ga ko iska na fita. Takunkumi mai gwangwani yana aiki, warin ya ɓace gaba ɗaya a makonnin farko, amma matan ba sa iya wuce rabin awa da shi a lokacin zafi, sai sun yi canji. Gwangwanin kuma ba na har abada ba ne. Da an fara jin wari ta cikinsa ya mutu, sabo jika 8 ne guda biyu, kuma dole a ajiye shi cikin leda a ɗaure bayan aiki.

Shagon yana da nasa rashi, kuma na gaya wa mai shi a gabansa. Kayansa duk na maza ne. Takalmin roba daga lamba 41 ya fara, safar hannu sai manya, takunkumin ma girma ɗaya ne, ɗaya daga cikin matana mai siririyar fuska iska na shiga mata ta gefen hanci, wanda ke nufin bai yi mata aikin komai ba. Mata nawa ne a garin nan ke rini, ke haɗa sabulu da soda, ke shara a asibitoci, ke gyaran gashi da sinadari? Ya ce masu kawo masa kaya ba sa kawo ƙanana sai an yi oda. Na yi oda, wata biyu ke nan ina jira. Takardun cikin kwalayen kuma da Faransanci da Turanci suke, in ba shi ne a shagon ba, yaron da ke tsare masa ba ya iya bayanin komai. Ranar da na koma sayen gwangwani na tarar da yaron, ya ba ni wanda ranar ƙarewarsa ta wuce. Ɗana ne ya gano a gida. An canza mini ba gardama, amma ku duba kwanan watan da kanku kafin ku biya.

Ita kuwa ɗiyata, tun ranar na mayar da ita zaure, can gaba inda iska ba ta kawo hayaƙi. Tana zaune kan kujera mai jingina, tana ɗaurin zane kafin a rina, tana ninke wanda ya dawo daga wurin masu bugu, tana karɓar kuɗi da rubuta oda. Randa na gefenta. Ba ta taɓa garin launi, ba ta ɗaga jarka. Haɗin launin ma bai ɓace mana ba, daga nesa take faɗin awo ana zubawa. Albashinta ban rage ko dala ba.

Dattijon ne ya fara ce mini wannan ba alfarma nake yi mata ba, haƙƙinta ne, na je na karanta. Na sa ɗana ya nemo mini dokar ƙwadago ta ƙasarmu, ta shekarar 2012. Mai ciki tana da hutun haihuwa na mako 14, takwas daga ciki bayan haihuwa, kuma ana iya ƙara mako uku idan likita ya tabbatar da rashin lafiyar da ciki ko haihuwa ya jawo. Ba a korar ta a cikin wannan hutu. Idan ta dawo tana da lokacin shayarwa har awa ɗaya a kowace ranar aiki. Wadda aka yi wa rajista a CNSS, wato asusun ƙasa na kula da jin daɗin ma'aikata, asusun na biyan ta rabin albashi a lokacin hutun. Yarjejeniya mai lamba 183 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta shekarar 2000, ta ce kada a tilasta wa mai ciki ko mai shayarwa aikin da zai cuci lafiyarta ko ta ɗanta. Matana ba su da rajista a lokacin, kamar yawancin masu aiki a ƙananan sana'o'i irin tawa. Don haka hutun nata daga aljihuna zai fito, kuma na fara cike takardun rajistar su duka shida.

Abin da har yanzu ke ci mini rai shi ne wata huɗun nan na farko. Ungozoma ta ce a wata ukun farko ne gaɓoɓin yaro ke haɗuwa, lokacin da ya fi buƙatar a kiyaye shi, kuma daidai lokacin ne al'adarmu ta ce a yi shiru. Na tara matan na ce musu ba sai kowa ya ji ba, ba sai an furta kalmar ba ma. Wadda ta ga wata ya wuce ta, ta zo ta ce mini kawai, "Tanti, ina son aikin zaure." Ba zan tambaye ta komai ba. Makon jiya wata ta zo ta faɗa mini haka a hankali, tana kallon ƙasa, na ce ta ɗauko kujera ta biyu daga ɗaki.

Ga mai son zuwa shagon, ya je da safe kafin ƙarfe 11, lokacin da dattijon ke nan da kansa, kuma ya riƙe buhu ko kwalin sinadarin da yake aiki da shi, don sunan da ke jiki zai fara tambaya.