Kafin gwajin cikakken lasisin babur: wane horo, wane babur, waɗanne kaya?

Kuɗin mai shirin gwajin cikakken lasisin babur wuri uku suke tafiya: horo, babur ɗin da zai hau ranar gwaji, da kayan kariya. Mutane da yawa da kayan suke farawa, su sayi hular kwano mai tsada da jaket mai sheƙi, sai an zo biyan sa'o'in horo aljihu ya yi sanyi. Alhali abin da ya fi kayar da mutane shi ne juyawa a tafiyar hawainiya ba tare da sauke ƙafa ba, da kuma mantuwa da waiwaye kafin a karkata. Duk biyun da sa'o'i a kan babur ake sayensu.

Kowace ƙasa da dokarta, don haka takardar hukumar da za ta gwada ka ita ce ta farko da za ka karanta. Tsarin Birtaniya ya isa misali, domin an fayyace shi dalla-dalla. Kashi na farko a fili ake yi, kusan minti 20: tura babur da hannu, ratsa tsakanin robobin alama, zagaye mai siffar 8, tafiya a hankali, juyawa a koma inda aka fito a faɗin mita 7.5, tsayawar gaggawa da kauce wa haɗari a gudun da bai gaza kilomita 50 a awa ba. Kashi na biyu a kan titi ne, kusan minti 40, jami'i na biye da kai yana ba ka umarni ta rediyo a kunne, bayan ka karanta lambar mota daga nisan mita 20. Ƙananan kurakurai har biyar ana yafewa a na farko, har goma a na biyu. Babban kuskure kuwa guda ɗaya ya isa ya kayar da kai.

Ajin lasisi shi ke zaɓar maka babur

A Birtaniya da ƙasashen Tarayyar Turai aji uku ne. A1 na babur ne da girman injinsa bai wuce cc 125 ba, ƙarfinsa kuma bai wuce kilowat 11 ba. A2 ya tsaya a kilowat 35. A ba shi da iyaka, a Birtaniya ana shigarsa kai tsaye a shekara 24, ko bayan shekara biyu da riƙe A2. Babur ɗin gwaji shi ma da ƙa'idarsa: na ajin A a Birtaniya dole ya kai cc 595 da kilowat 50. Wanda ya zo da babur ɗin da bai kai ba, ko dai a sallame shi ko ya tashi da lasisin ƙaramin aji.

Akwai wani tarko da ba a cika lura da shi ba. Idan ka yi gwaji da babur mai canja giya da kansa, irin sikuta ko Honda mai DCT, a waɗannan ƙasashe lasisinka zai tsaya a kan irinsu kaɗai. Gwajin ya fi sauƙi, gaskiya ne, tunda babu kuloci balle injin ya mutu maka a danja. Amma in akwai yiwuwar wata rana ka so mai giya, sai ka sake biya ka sake shiga gwaji. In ba ciwon hannu ko na ƙafa ne ya tilasta ba, mai kuloci ya fi riba.

Horo: a jere, mako-mako, ko da kanka

Kwas na kwana uku zuwa biyar a jere, da gwaji a ƙarshensa, ya dace da wanda ya riga ya daɗe a kan ƙaramin babur, hannunsa ya san kuloci, nauyin babba kawai yake so ya saba da shi. Ga sabon shiga akwai matsala. Yini guda a kan babur mai kusan kilo 190 yana gajiyar da tsintsiyar hannun hagu da wuya, zuwa rana ta uku kurakurai ƙaruwa suke yi. Sannan makarantu kan jera kashi biyun gwajin kusa da juna. A Birtaniya wanda ya faɗi kashi na farko sai ya jira kwanakin aiki uku kafin ya maimaita, kuma ba a shiga na biyu sai an ci na farko, don haka kuɗin na biyun na iya salwanta. Ka nemi a bar tazarar mako guda a tsakaninsu.

Darasin mako-mako, awa biyu ko uku a zama, yana ba jiki lokacin riƙe abin da ya koya. Aibinsa shi ne in ba ka da ƙaramin babur da za ka riƙa maimaitawa a tsakani, rabin awar farko ta kowane darasi a tuna na baya take tafiya. Mai cc 125 a gida, wannan ce hanyarsa.

Shirin kai da kai ya fi araha, kuma shi ya fi yaudarar tsofaffin hannu. Wanda ya shekara biyar yana tuƙi yana da ɗabi'un da shi ba ya gani: jan ƙafa a ƙasa in zai tashi, barin sigina tana walƙiya bayan an gama kwana, dogaro da madubi kaɗai, bin motar gaba kamar an ɗaure su. A titi yana tsira da su kullum, a takardar jami'i kuwa kowanne kuskure ne. In wannan hanyar ka zaɓa, ka biya malami awa biyu ya bi ka a baya ya yi maka gwajin gwaji, mako biyu kafin ranar, don a sami lokacin gyara. A inda doka ta hana mai koyo hawa babban babur a titi sai da malami, zaɓin ma bai taso ba.

Kafin ka ba makaranta kuɗi ka tambaya: ɗalibi nawa ne ga malami ɗaya a kan titi? Fiye da biyu ɓata lokaci ne. Kuɗin ya haɗa da hayar babur ranar gwaji, da mai, da inshora, da kuɗin hukuma? In babur ya faɗi a fili, wa zai biya hannun birki da madubi? Suna da filin da aka auna daidai da na gwaji, mai tsawon da za a kai kilomita 50 a awa? Wannan ta ƙarshe tana da nauyi, don akwai masu koyar da tsayawar gaggawa a ɗan fili da gudun 30, ɗalibi ya je gwaji na'urar awo ta nuna bai kai ba.

Na makaranta ko naka

Babur ɗin makaranta ya cika ƙa'ida, yana da inshora, an ɗaura masa ƙarafan kariya a gefen inji, in ya kwanta ba a yi babbar asara ba. Sharaɗi ɗaya ne: wanda ka yi horo da shi, shi ɗin za ka hau ranar gwaji. Babura biyu iri ɗaya, shekara ɗaya, kowanne da inda kulocinsa ke kamawa, wani kusa da hannu wani can a ƙarshe. Ka riƙe lambarsa ka roƙa a ajiye maka shi.

Naka kuwa ka san halinsa, amma takardu da lafiyarsa duk a wuyanka suke, kuma siffarsa na iya zame maka cikas. Babur na tsere mai ƙaramin kai a ƙasa ba ya karyuwa sosai, tanki na tare hannu, nauyinka kuma yana kan tsintsiyar hannu, juyawa a mita 7.5 sai an yi da gaske. Dogon babur mai kujera ƙasa-ƙasa yana ba da natsuwa wajen sauke ƙafa, sai dai nisan tayoyinsa yana faɗaɗa zagaye. Na jeji mai tsayi kansa na karyuwa da kyau, amma gajere zai sha wuya a tashi kan tudu. Shi ya sa makarantu suka fi tara marasa rufi masu silinda biyu, irin Suzuki SV650, Kawasaki Z650 da Yamaha MT-07 a ajin A, da Honda CB500F a A2: zama a miƙe, kai mai faɗi, kujera wajen santimita 79 zuwa 81, inji mai ja tun daga ƙasa.

Gwada shi haka kafin ka yarda. Ka zauna, ƙafar dama a kan birkin baya, tafin ƙafar hagu ya taka ƙasa sosai. Ka karya kan har ƙarshe hagu da dama, ka ga ko babban yatsa ya matse da tanki, ko totur ya buɗe da kansa. Sai ka shiga giya ɗaya, ka ɗan ɗaga wuta ka riƙe ta wuri guda, kuloci a rabi, ƙafa na shafar birkin baya, ido a inda za ka je. Babur mai kyau zai bi ka a saurin mai tafiya a ƙasa ba tare da fizga ba. Kada ka taɓa birkin gaba kai na karye: tayar gaba ta tsaya cak, nauyi ya zubo gefe, kafin ka ankara ƙafa ta sauka ko babur ya kwanta.

In da zaɓi, ɗauki mai ABS, wato na'urar hana taya kullewa in an taka birki. A tsayawar gaggawa ana sakin totur, a matsa birkin gaba a hankali sannan a ƙara ƙarfi yayin da nauyi ke komawa gaba, a haɗa da na baya kaɗan, kuloci sai dab da tsayawa. Mai fargaba yakan danne na baya, tayar da ta riga ta yi sauƙi ta kulle ta ja. ABS na hana wannan kullewar. Ba ya gyara cafkar birki lokaci guda, ba ya kuma ƙara maka tazara: a kilomita 50 a awa kana cin kusan mita 14 kowane daƙiƙa, tazarar daƙiƙa biyu kenan mita 28.

Kayan jiki

Jami'i na da ikon fasa gwaji in shigarka ba ta dace ba, amma ba ya ba da maki don tsada. Hula mai rufe fuska gaba ɗaya ta fi kare haɓa. Mai ɗaga gaba ta fi daɗi ga mai tabarau da wajen sauraron bayani, sai dai ta ɗan fi nauyi. Buɗaɗɗiya ba ta kare haɓa sam, iska kuma na hana jin rediyo. Ka duba tambarin inganci na ECE 22.05 ko sabon 22.06 a igiyar haɓa, ko DOT a Amurka. Ka auna kai da tef ɗan sama da gira, santimita 57 zuwa 58 yawanci matsakaiciya ce. Ta kama kumatu, in ka girgiza kai kada ta zame, yatsa biyu kawai su shiga ƙarƙashin igiya. Ta hannu ba abin saye ba ce, don soson cikinta in ya taɓa shan bugu ba ya nunawa a waje. Gilashi ya zama fari tas, in da sanyi ko ruwa a sa masa Pinlock, wato ƙarin gilashi na ciki, saboda tururin numfashi.

Abin da ba a faɗa a shago: jami'in yana bayanka ne, ba ya ganin idonka, juyawar hularka kaɗai yake gani. Baƙar hula sumul tana ɓoye waiwaye. Mai zane ko ɗan farin tambari a ƙeya tana nuna shi. Waiwayen kuma haɓa ce ke zuwa kafaɗa, kafin tashi daga gefen titi, kafin canja layi, kafin karya kwana, da wajen fita daga shataletale. Jaket mai tsayin wuya ko ƙullin hula a baya yana rage wannan juyawar, don haka ka gwada shi da hular a kanka. Tambarin EN 17092 na nuna ajin kariyar jaket, A ko AA ko AAA, kuma AA mai soson kafaɗa da gwiwar hannu ya wadatar.

Safar hannu mai kauri irin ta hunturu tana kashe jin kuloci. Mai siririn tafi da kariya a gaɓoɓi ta fi, kuma a saka ta a horo ko sau uku kafin ranar. Takalmi ya rufe idon sawu, bakinsa kada ya yi kaurin da zai ƙi shiga ƙarƙashin giya, in mai igiya ne a cusa igiyar ciki. Madaukin igiya ya maƙale a sandar giya daidai lokacin sauke ƙafa, faɗuwa ce a tsaye.

In da naka za ka je, daren gwaji ka auna iskar taya tana sanyi bisa littafin babur ɗin, don taya mai ƙarancin iska tana sa kai nauyi a juyawa. Zanen taya a Birtaniya kada ya gaza milimita 1. Sakin sarƙa a yawancin baburan titi tsakanin milimita 20 da 35 yake, wasan hannun kuloci a bakinsa 10 zuwa 20. Ka tabbata fitilar birki na kamawa da hannu da kuma ƙafa, kowanne shi kaɗai, sigina huɗu na aiki, madubai a ɗaure ba sa juyawa da iska.