Ƙyallen tallar wasan tanti: tsoho ko sabon kwafi?

Tsohon ƙyallen talla, wato babban yadi mai zanen fenti da ake ratayawa don jawo 'yan kallo, irin wanda mai zane Fred Johnson ya zana a Chicago, ko Snap Wyatt a Tampa, ya sha rana da ruwan sama a ƙofar tantin masu wasan yawo na Amurka. Za ka ga fenti ya koɗe, ya tsattsage daidai layin ninki, zoben ƙarfen kusurwa ya bar tsatsa. Yana da tsada, ga son lallami: a naɗe shi a kan bututu mai kauri, fenti na kallon waje, don in an juya shi ciki sai ya matse ya ɓare. Ɗaki mai danshi kuwa fumfuna zai jawo.

Sabon kwafi araha ne, rataya shi inda ka so. Sai dai wasu na tsufar da shi da gangan don ya yi kama da tsoho. Don gane ko tsoho ne ko sabo, juya bayansa ka duba ɗinkin.