Mitar auna kaurin ruwa a bututu: maikirowef, Coriolis ko ta nukiliya?

Kafin ka tambayi farashi, fara sanin abin da ke gudu a cikin bututunka. Ruwan rake ne, laka ce, ko mai?

Mitar maikirowef ba nauyin ruwan, wato kaurinsa, take aunawa kai tsaye ba, ko da dillali ya ce maka haka. Sigina take harbawa daga wannan gefen bututu zuwa wancan, ta lissafa jinkirin da ya yi a hanya. Ruwa na rage masa gudu sosai, sukari da laka kuwa kaɗan kawai, don haka jinkirin ke nuna yawan abin da ke gauraye da ruwan. Shi ya sa ta dace da masana'antar sukari irin ta Numan, da wuraren tace ruwan datti. Ba abin da ke motsi a cikinta, ba ruwanka da lasisi irin na ta nukiliya. Sai dai tana da sharuɗɗa: dole bututu ya cika maƙil, domin kumfar iska na sa ta yi ƙarya, ruwa mai gishiri da yawa kuma yana shanye siginar. A kafa ta bayan famfo, a bututun da ke tsaye, ruwa na hawa sama. Sannan sai an ɗebi samfur an kai ɗakin gwaji an saita ta da sakamakon. Wanda ba shi da mai yi masa wannan, gara ya haƙura.

Ita Coriolis, wadda ruwa ke bi ta cikin siraran bututunta masu karkarwa, irin ta kamfanin Micro Motion ko Endress+Hauser, nauyin ainihi take bayarwa, har da yawan abin da ya wuce. Ga mai, madara ko lemo, ni ita zan saya. Amma yashi na cinye siraran bututunta, kuɗinta kuma sai hawa yake idan bututu ya yi faɗi.

Ta nukiliya a bayan bututu ake ɗaura ta, ba ta taɓa ruwan, saboda haka masu haƙar ma'adinai ke son ta. Sinadarin Cs-137 da ke ciki, mai fitar da hasken nukiliyar da take awo da shi, sai ya yi kusan shekara 30 kafin ƙarfinsa ya ragu da rabi. A Najeriya sai da izinin NNRA, hukumar kula da harkokin nukiliya, ga horar da ma'aikaci, ga kuɗin kwashe ta ranar da ta tsufa.

Duk wadda ka zaɓa, sa dillali ya rubuta maka iyakar zafi da gishirin da take jurewa, da inda ma'aikacinsa mafi kusa yake zaune.